Tambaya da Amsa: Idan direban jirgin ƙasa ya sha'afa, wa zai taka masa birki?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan jirgin ƙasa ne, sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya tunda amsar wata tana shiga cikin wata. Na ɗan rage tsawon wasu saƙonnin, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam, ni abin da ke ɗaure min kai shi ne jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, a kan layinsa yake tafiya, ba mai shan gabansa, to ta yaya kuma ake samun hatsari? Direban ba ya ganin gabansa ne ya taka birki? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Ɗan'uwa, yana gani, amma ganin ba ya masa amfani kamar yadda yake wa direban mota. Tayar jirgi ƙarfe ce, layin ma ƙarfe ne, kuma ƙarfe a kan ƙarfe ba ya kamawa kamar roba a kan kwalta. Wannan santsin shi ne ya sa inji ɗaya ke iya jan kaya mai nauyin gaske ba tare da shan mai da yawa ba, amma shi ne kuma matsalar in an zo tsayawa. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa yana cin mita 83 a kowane sakan ɗaya, kafin ka ƙifta ido sau biyu ya wuce tsawon filin ƙwallo, kuma ko birkin gaggawa aka ja sai ya yi sama da kilomita 3 kafin ya tsaya cak. To ka ga duk abin da direba ya hango da idonsa a kan layi, ya riga ya makara.

Shi ya sa tun asali ba da ido ake tuƙa jirgi ba, da sigina ake tuƙa shi. Ana yanka layin dogo gida-gida, dokar kuma ita ce jirgi ɗaya a gida ɗaya. Tun 1872 wani Ba'amurke mai suna William Robinson ya fito da dabarar sakin 'yar wutar lantarki mara ƙarfi a cikin ƙarafan layin, da zarar jirgi ya shigo sai tayoyinsa su haɗe ƙarfen dama da na hagu, wutar ta daina isa inda take zuwa, sai siginar da ke bayansa ta koma ja da kanta. Har yau ana amfani da wannan dabarar. Amma fa duk wannan aikin yana ƙarewa ne a fitila guda da ke tsaye a gefen layi, kuma sai ɗan Adam ya gan ta, ya gane ta, ya yi abin da ta ce. A nan gizo ke saƙa. Hazo, ruwan sama, rana ta haske ido, kwana ta ɓoye fitilar, gyangyaɗi, ko kawai hankali ya tafi wani wuri na sakan goma.

TAMBAYA: Na ji an ce akwai jiragen da ba su da fitilar sigina a gefen hanya kwata-kwata, wai a cikin ɗakin direba take fitowa. Gaskiya ne? Ta ina saƙon ke shiga jirgin da ke gudu? (Daga wani mai gyaran lantarki)

AMSA: Gaskiya ne Malam, kuma ba sabon abu ba ne. Jirgin Shinkansen na Japan tun da aka buɗe shi a 1964 tsakanin Tokyo da Osaka haka yake, lambar gudun da aka yarda ya yi tana fitowa a gaban direba, in ya wuce ta birki ya kama da kansa. TGV na Faransa ma da ya fara aiki tsakanin Paris da Lyon a 1981 haka aka yi masa. A Jamus kuwa doka ce, jirgi ba zai wuce kilomita 160 a awa ba sai da irin wannan tsarin, domin sama da haka ba a yarda da idon mutum ba.

Tunda kai mai harkar wuta ne bari in ɗan faɗaɗa maka, don abin zai ba ka sha'awa. Hanya mafi tsufa ita ce ta cikin ƙarfen layin kansa. Wutar nan da na ce ana saki a layi, sai a riƙa kunna ta ana kashewa da wani lissafi, kamar bugun zuciya. Kamfanin jirgin Pennsylvania a Amurka ya fara wannan tun shekarun 1920: bugu 180 a minti yana nufin hanya a buɗe take, 120 ka fara ragewa, 75 sigina ta gaba ja ce. A ƙasan injin jirgin, gaban tayoyin farko, akwai wasu naɗaɗɗun wayoyi da ke rataye dab da layin ba tare da sun taɓa shi ba, su ke jin bugun su kai wa na'urar da ke ɗakin direba. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne idan babu bugu ko ɗaya, ko waya ce ta tsinke ko ƙarfen layi ya karye ko wani jirgi ne a gaba, na'urar tana ɗaukar shirun a matsayin "tafi a hankali, akwai matsala". Wato in abu ya lalace, ta ɓangaren tsayawa yake lalacewa, ba ta ɓangaren gudu ba. Duk injiniyan sigina da wannan ƙa'idar yake kwana yake tashi.

Hanya ta biyu ita ce wasu 'yan akwatuna falle-falle, galibi ruwan ɗorawa, da ake ɗaurewa a tsakiyar layi. Jirgi na bi ta kai sai ya aiko musu da ƙarfi daga ƙasansa, su farka su gaya masa inda yake, nisan da ya rage masa, gangara ce a gaba ko hawa, da gudun da aka yarda. Ta uku kuma rediyo ce, wata cibiya na magana da kwamfutar jirgin ba ƙaƙƙautawa. Tsarin Turai da ake kira ETCS yana amfani da akwatunan a matakinsa na 1, a mataki na 2 kuma ya haɗa da rediyon.

TAMBAYA: Malam ni ban gane bambancin ba. In dai akwai abin da ke yi wa direba ƙara ya farkar da shi idan ya kusa danja, ai shikenan, me kuma ake nema? (Daga wata 'yar'uwa)

AMSA: Yauwa Hajiya, tambayarki ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Gargaɗi daban, tilastawa daban, kuma rayuka da yawa sun tafi a cikin ratar da ke tsakaninsu.

Ki ɗauki Birtaniya. Sun daɗe da wani tsari mai suna AWS, maganaɗisu ne a tsakiyar layi kafin kowace sigina. In sigina kore ce sai ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin direba, in ba kore ba ce sai oda ta yi kuka, dole ya danna wani maɓalli cikin kamar sakan 2 in ba haka ba birki ya kama. Da jin sa kamar ya wadatar ko? To amma kukan odar iri ɗaya ne ko fitilar ɗorawa ce ko ja, kuma direban da ke bin bayan wani jirgi a layi mai cunkoso zai iya danna maɓallin nan sau barkatai a tafiya ɗaya, har hannunsa ya saba yana dannawa ba tare da zuciyarsa ta sani ba. Da ya danna kuma na'urar ta janye hannunta, ta bar shi da halinsa. Ranar 5 ga Oktoba 1999 a Ladbroke Grove, kusa da tashar Paddington a Landan, wani direba da bai fi mako biyu da gama koyon aiki ba ya wuce jar sigina mai lamba SN109 ya yi taho-mu-gama da wani jirgi mai gudu, mutum 31 suka rasu har da direbobin biyu. Abin takaicin shi ne wannan siginar an riga an wuce ta tana ja har sau 8 cikin shekara 6 kafin ranar, kowa ya san tana da wuyar gani. Bayan nan ne aka gaggauta saka wani tsari mai suna TPWS, wanda shi in ka wuce ja, ko ka tunkaro ta da gudun da ya wuce ƙima, ba ya tambayarka komai, birki kawai yake kamawa.

Tsarin zamani ya ma wuce nan. Ki ƙaddara kina tsaye bayan direba. A allon gabansa akwai agogon gudu, kewaye da shi akwai wani zobe da ke nuna iyakar da aka ba shi, a gefe kuma nisan da ya rage zuwa wurin da dole ya rage gudu yana ta sauka, mita 3,000, 2,500, 2,000. Kwamfutar ta san nauyin jirgin da tsawonsa da ƙarfin birkinsa, don haka ta riga ta lissafa wurin ƙarshe da in ba a fara birki ba to ba za a kai ba. Zoben ya fara matsewa, launi ya canza, in allurar ta haura shi sai ƙara ta tashi, in direba ya taɓa birki shikenan ba abin da zai faru, tafiya ta ci gaba, fasinja ma bai san an yi ba. In bai taɓa ba, na'urar ta karɓe. Ba ta jira sai an zo bakin kwana ba, tun daga nesa take yanke hukunci, lokacin da birkin ke da sauran amfani.

Akwai kuma wata na'ura ta daban wadda aikinta kawai ta tabbatar direba na raye kuma a farke, feda ce ko maɓalli da zai riƙa saki yana dannawa, a Jamus kamar duk bayan sakan 30. Tana da amfani in mutum ya suma, amma ba ta san gudu ba, ba ta san kwana ba. Mutum na iya zama idonsa biyu yana danna ta daidai, alhali ya manta inda yake a kan hanya.

TAMBAYA: Na kalli bidiyon jirgin nan na Sifaniya da ya kife a kwana, wallahi raina ya ɓaci. An ce direban waya yake yi. Ni a ganina duk wannan maganar na'ura kare masu sakaci ne kawai, a riƙa hukunta direbobi da tsanani za su shiga taitayinsu. (Daga wani magidanci)

AMSA: Alhaji na fahimci ɓacin ranka, ni ma duk lokacin da na tuna wannan hatsarin sai jikina ya yi sanyi. Kuma ban ce direba ba shi da laifi ba. Amma ka ba ni dama in ba ka labarin yadda ya faru, sannan ka auna.

Ranar 24 ga Yuli 2013 ne, dab da shiga birnin Santiago de Compostela. Jirgin ya taho a kan sabon layi miƙaƙƙe inda ake gudun kilomita 200, ana shiga ramin ƙarƙashin ƙasa ana fita, ramukan duk kama ɗaya, a ƙarshensa kuma akwai kwana mai tsanani wadda iyakarta 80 ce. Wayar da ya ɗauka ta aiki ce, ma'aikacin da ke kula da fasinjoji a cikin jirgin ne ya kira shi kan maganar inda za su tsaya a wata tasha can gaba. Hirar ba ta kai minti biyu ba, amma a cikinta ya ɓace wa kansa, ya ɗauka da sauran tafiya kafin kwanar. Da ya farga ya ja birki, jirgin ya bar layi yana kan 179. Mutum 80 suka rasu. Yanzu ga abin da bidiyon bai nuna maka ba: layin yana da ETCS amma ya ƙare 'yan kilomita kafin kwanar, kuma a irin waɗannan jiragen ma an riga an kashe shi saboda matsalolin da yake bayarwa, tsohon tsarin da ya rage kuwa sigina yake kula da ita, siginar kuma kore ce don ba jirgi a gaba. Wato daga 200 zuwa 80, da ɗaruruwan rayuka a baya, ba abin da aka jingina da shi sai ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Bayan hatsarin ba a ɗau lokaci ba aka ɗaura akwatunan da ke tilasta rage gudu a wurin. Ashe dama ana iyawa.

Maganar tsananta hukunci kuma, Japan ta gwada ta ga sakamakon. Ranar 25 ga Afrilu 2005 a Amagasaki, wani direba ɗan shekara 23 ya zarce wurin tsayawa a tashar Itami da wajen mita 70, sai da ya ja baya, ya makara da kamar minti ɗaya da rabi. A kamfanin da yake wa aiki a lokacin, direban da ya yi kuskure ana cire shi daga tuƙi a sa shi wani horo na wulaƙanci, rubuce-rubucen neman afuwa da cire ciyawa, kuma shi ya taɓa shiga. Masu bincike sun gano hankalinsa ya tafi ne kan sauraron abin da kwandasta ke faɗa a rediyo game da kuskuren nasa. Ya shiga kwanar da iyakarta 70 yana kan 116, taragon gaba suka faɗa cikin wani benen gidajen kwana, mutum 107 suka rasu har da shi. Tsoron hukuncin ne ma ya cinye hankalin da ya kamata ya sa a kan hanya. Sabon tsarin da ke duba gudu a kwana bai riga ya iso wannan wurin ba, sai da aka saka shi kafin a sake buɗe layin.

A Philadelphia ta Amurka ma, 12 ga Mayu 2015, jirgin kamfanin Amtrak ya shiga kwanar mil 50 a awa yana kan sama da mil 100, mutum 8 suka rasu. Shi wannan direban ba waya yake yi ba, ba abin da ya sha, ƙwararre ne, hankalinsa ya tafi kan maganar da ake yi a rediyo cewa an jefi wani jirgi da dutse a kusa. A wannan kwanar akwai na'urar rage gudu ga jiragen da ke zuwa ta ɗaya ɓangaren, amma ba a sa wa masu zuwa ta nasa ɓangaren ba. Cikin mako guda aka sa.

To Alhaji ka duba, ƙasa uku, mutum uku masu hali daban-daban, kuskure iri ɗaya. Mutumin da zai yi shekara talatin yana tuƙi, ba makawa wata rana hankalinsa zai gushe na rabin minti, ni da kai ma haka muke. A hukunta mai sakaci, ban ƙi ba, amma ni wanda na fi tuhuma shi ne wanda ya zauna a ofis da taswira a gabansa, ya ga kwanar, ya san na'urar na nan, ya ce direba zai kula.

TAMBAYA: Kenan in an saka waɗannan na'urori hatsari ya ƙare? (Daga wata malamar makaranta)

AMSA: A'a Malama, kada in yi miki ƙarya. Na'urar tana bin abin da sigina ta gaya mata ne, in siginar ta yi ƙarya ita ma za ta bi. A Wenzhou ta Sin a Yulin 2011 tsawa ta lalata kayan sigina, kuma saboda kuskuren ƙira sai suka nuna hanya a buɗe alhali akwai jirgi a gaba, mutum 40 suka rasu. An karya waccan ƙa'idar da na faɗa ta lalacewa ta ɓangaren tsayawa.

Sannan kowane tsari yana da ƙofar da ake bi a tsallake shi, don dole in kaya sun lalace a samu yadda za a matsar da jirgi. A Bad Aibling ta Jamus, 9 ga Fabrairu 2016, layi ɗaya ne kuma yana da na'urar tsayar da jirgi tana aiki lafiya lau, amma ma'aikacin da ke ba da hanya yana wasan gem a wayarsa, ya rikice, ya ba wani jirgi izini na musamman ya wuce ja. Jirage biyu suka haɗu, mutum 12 suka rasu. A Eckwersheim ta Faransa kuma a Nuwamban 2015 jirgin gwaji ne na TGV, an kashe na'urar da gangan don a gwada gudun da ya wuce na ƙa'ida, aka makara wajen birki, mutum 11 suka tafi. Ban da haka ba ruwanta da motar da ta maƙale a mahaɗar titi da layin dogo, ko ƙasa da ta zaftaro, ko tayar da ta fashe.

Amma a abin da aka yi ta dominsa, wato wuce ja da wuce ƙa'idar gudu, aikinta ba ya musantuwa. Shinkansen ya haura shekara 60 yana ɗaukar biliyoyin fasinjoji, ba fasinja ko ɗaya da ya mutu saboda karo ko kaucewa daga layi.

TAMBAYA: To in haka ne me ya hana a saka a ko'ina? (Daga wani ɗan kasuwa)

AMSA: Kuɗi da jan ƙafa, Malam. Aikin ba ƙarami ba ne, sai an taɓa kowane inji, kowace sigina, a auna layi mita-mita a zuba a kwamfuta, a sake horar da ma'aikata, duk kuma jirage na kan aiki ba a tsayar da su ba. A Turai kowace ƙasa ta ƙirƙiro nata tsarin, sun haura 20 kuma ba sa jin yaren juna, dalilin fito da ETCS kenan, har yanzu kuma ba a gama shimfiɗa shi ba. Wata wahalar ita ce hatsarin da aka hana ba ya fitowa a labarai, don haka mai riƙe da lalitar kuɗi ba ya ganin abin da ya saya.

Amurka ce misalin da ya fi ci min rai. Bayan hatsarin Chatsworth a Kalifoniya a Satumban 2008, inda direba na aika saƙon tes ya wuce ja ya yi karo da jirgin kaya mutum 25 suka rasu, majalisa ta yi doka a saka tsarin tilasta birki da suke kira PTC kafin ƙarshen 2015. Kamfanoni suka ce ba za su iya ba, aka ɗaga zuwa 2018, aka sake ba da rangwame zuwa 2020, sai a Disamban 2020 aka kammala. A cikin wannan jiran ne, ranar 18 ga Disamba 2017, wani jirgin Amtrak a kusa da DuPont ta jihar Washington ya shiga kwanar mil 30 yana kan 78, ya rikito daga kan gada zuwa babban titi, mutum 3 suka rasu. Ranar ce ta farko da aka fara ɗaukar fasinja a sabuwar hanyar, an riga an fara kafa kayan PTC a wurin, ba a dai kunna su ba tukuna aka ce jirgi ya tashi.